Farar Rigar Efren

"Na ce ba zan shiga ruwan nan da farar riga ba!"

"To da wacce za ka shiga, ta amarya? Kowa fara zai sa, Efren. Kuma rage murya, tanti ba bango ba ne."

"Ai ke kika jawo."

"Ni? Nanay ce ta ɗaga maka hannu da Fasto ya tambaya. Ni tari kawai na yi."

Luningning, matar Efren, ta leƙa waje. Ranar ƙarshe ce ta zangon iyalai da cocinsu ke yi duk bazara a bakin tekun Batangas, ranar baftisma ke nan. An kife tukwanen shinkafa, masu jita sun jeru, Fasto Honorio har ya shiga ruwa iya ƙugu.

Shekara da shekaru tana gaya wa 'yan coci mijinta yana aikin jirgin ruwa a ƙasashen waje. Alhali a gidan yari yake a lokacin. Can aka zana masa baƙar kunama a gadon baya, tambarin da ko yaron goye a unguwarsu ya san inda ake samo shi. Farar riga kuwa in ta jiƙe ba ta riƙe sirri.

Ba ta tsoron jama'a kamar yadda take tsoron uwarta. A gidan uwar tata, Nanay Pacita, suke zaune da 'yarsu, ga shi tsohuwar ta taɓa korar ɗan haya don ta ji warin taba a labule. Sai dai tana ji da surukin nan nata. "Mutumin teku ne, irin marigayi mijina," haka take faɗa wa kowa, tana ɗaga haɓa. Luningning ta ɗan tasa babanta ya dawo daga nasa jirgin: mutum mai kunya, ko wanka a bakin rijiya da riga yake yi.

Aka fara waƙa. Layin masu fararen riguna ya miƙe, Efren na ƙarshe, yana tafe kamar wanda za a cire wa haƙori. Iyalan kowa na jira da ɗan tawul a bakin gaɓa. Na Nanay ya kusa kai zanin gado.

"Kawo in riƙe, Nanay, ƙafarki na ciwo."

"Da wannan hannun naki kamar taliya? Matsa can."

Fasto ya dafa ƙirjin Efren, ya kwantar da shi baya, ruwa ya rufe shi. Luningning ta daina numfashi. Ya taso fuska na kallon teku, baya na kallon coci gaba ɗaya. Rigar ta manne. Kunamar ta fito tsaf, har ƙarinta.

Masu waƙa idonsu a rufe, hannuwa a sama, saura baiti guda su ce amin. Tsohuwar da ba ta hawa matakala sai an riƙe ta sai ga ta tana keta ruwa har gwiwa. Ta yafa masa tawul tun daga wuya.

Aka ce amin. Aka yi tafi. Ba wanda ya gani.

Ban da Nanay. Luningning na kallo, uwarta ta ɗage gefen tawul ɗin, ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa, bakinta a tsuke. Efren ya kamo hannunta ya kai goshinsa, irin gaisuwar da suke yi wa manya. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Luningning ta isa gare su, siket ɗinta sharkaf. A ranta har ta fara ɗaure kaya.

"Nanay, don Allah, tsaya in yi miki bayani..."

"Wane mugu ne ya zana masa wannan?" in ji Nanay Pacita, tana sakin tawul ɗin. "Kamar ƙaguwa! Ta babanki ta fi kyau nesa ba kusa ba, ita har kambi gare ta."