Karatun Ɗakin Ziyara

Teburi ɗaya ne a ɗakin ziyara na gidan yarin, kuma a kansa Malam yake buɗe Littafin Allah duk mako. Bakanike kan naɗe hannu ya saurara, don shi karatunsa bai wuce na salla ba.

A kan motar da aka kawo masa gyara aka ɗaure shi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, wani ya zare makulli daga jikin ƙusa, ya fita da ita, ya take wata mata, ya maido ta gareji ya ajiye. Abokan sana'ar da suke cin kwano ɗaya kowa ya rantse bai ga komai ba. Matarsa ta kwashe kayanta. Ya shiga gidan nan yana jin duk duniya ta ci amanarsa.

Sai ga Malam, kamili mai sanyin murya, wanda ya ce don Allah yake zagaya fursunoni, ko da yake ba a taɓa ganinsa da wani fursunan ba. Yana karanta aya yana fassarawa: haƙuri, yafiya, barin komai ga Allah. Wani lokaci yakan tsallake shafuka, ya ce waɗannan sai an yi nisa. Ya koya masa cewa ƙullin zuciya shi ne ainihin kurkuku, katanga kuwa bulo ce kawai.

Abin kuwa ya yi aiki. Bakanike ya fara barci, ya fara cin abinci, har dariya ta dawo masa. Ya ƙaunaci Malam fiye da ɗan'uwa.

Rannan yayarsa ta zo da murna. Ta gano wata mai sayar da lemo a bakin titi wadda ta ga direban ido da ido. Tsoro ne ya rufe mata baki, amma yanzu za ta yi shaida in aka ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika. Bakanike ya nemi shawarar Malam. Malam ya tambaye shi ko yana so ya koma wutar da Allah ya fitar da shi. Bakanike ya aika wa lauya a bar maganar. Yaya ta yi kuka har muryarta ta dishe.

"Yaya, ki yi haƙuri," ya ce. "Ni na riga na fita."

Wa'adi ya wuce. Yaya dai ba ta san saduda ba, ta jawo mai lemon don Bakanike ya ga abin da ya watsar. Suka tarar Malam yana rufe Littafi, yana yi masa sallama wai tafiya mai nisa ta kama shi.

Mai lemo ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, ta damƙi hannun Yaya.

"Ashe ma an kama shi? Ai wannan mai Littafin shi ne ya tuƙa motar."