Sanyin Firiza

Na lura yatsun Inna sun kasa riƙe ludayi.

Tun da Yaya, mai karatu a Norway, ya goya jaka ya hau duwatsun ƙanƙara yana kwana a tanti, wayarsa ta daina shiga. Inna, mai sayar da ƙanƙara a Azare, ta tambaye ni, "Auta, sanyin can ya kai na firizar nan?"

"Kusan ɗaya ne," na ce, don hankalinta ya kwanta.

Da la'asar na same ta, hannunta cikin firiza, leɓɓanta na motsi. Ta daure, ta daure, sannan ta zare shi. Ta dubi hannun, ta dube ni, ta ɗauki buta ta fita.