Azumin Laraba

Ya miƙa wa babban akawu takardar shaidar asalinsa. Shekara goma sha tara yana wannan ofishin jirgin ƙasa, ba wanda ya san shi Dalit ne, ɗan majema, daga jinsin da ake ƙyamar cin abinci da su, don tun farko ya ɓoye sunan gidansu. Amma gurbin ƙarin girman da tsarin mulki ya ware wa irinsa ba ya samuwa sai da shaidar asali.

Bayan sati uku aka manna sunayen waɗanda aka ƙara wa girma a allo. Nasa ne a sama, an rubuta asalinsa a gefe.

Da rana ya nufi teburin abokinsa. Kullum tare suke haɗa kwano, ban da Talata da abokin ke azumi.

"A'a, manya! Yau Sahib ne da kansa?" in ji abokin, yana dariya, yana kiransa da laƙabin da ake yi wa shugabanni.

Ya buɗe kwanonsa ya tura wa abokin. "Ga yajin mangwaron da kake so. Matata ta ce naka ne."

Abokin ya zura hannu a aljihu. "Ci abinka, Sahib. Azumi nake."

Shi kuwa ya dubi kalandar bango. Laraba ce.