Ƙwaya Huɗu

"Hantarsa ce," in ji likita, yana duban idanun mijina da suka yi rawaya. "Sinadarin cire tabon da yake shaƙa a shagon wanki, idan hanta ta zo narkar da shi, farfashewa yake yi, ɓurɓushin ya riƙa ƙona ta. Maganin ciwon kai ma haka yake yi idan ya yi yawa. Kana sha?"

"A'a, likita," mijina ya ce, bai dube ni ba.

Shekara shida yana dawowa da ciwon kai, ina tarbarsa da ruwa da ƙwaya huɗu, don biyu sun daina yi masa. Na yau ma suna cikin tafin hannuna, gumi ya fara narkar da su.