Kumburin Ƙafar Baba

Da hannun hagu Mijinyawa wanzami ya karɓi ƙunshin maganin, kamar kullum. Falalu mai kemis ya haɗiye takaicinsa. Mutum da furfurarsa, amma yaron goye ya fi shi ladabin karɓar abu.

Tun farkon damina Mijinyawa yake zuwa Rogo daga Fulatan duk ranar kasuwa, ya zauna a benci da babbar rigarsa har ƙasa, ya kawo kukan jikin babansa. Tsohon na fama da ciwon karkarwa, ga ƙafafu sun kumbura suntum, takalmi ya ƙi shiga. Falalu ya ba da ƙwayar da ke sa fitsari don ruwan ya sauka. Ruwa ya sauka, ya dawo. Mijinyawa ma ya dawo.

Abin da ke cin ran Falalu, ya san halin ƙwayar nan tun yana aikin asibiti. Mai karkarwa dama jininsa kan yi ƙasa in ya miƙe tsaye, in aka ƙara masa ita sai jiri ya kwashe shi. Ga shi ko sau ɗaya bai taɓa ganin marar lafiyar ba.

"Baba Wanzami, ka kawo shi in duba mana, ko a amalanke ne."

"Ba ya son a gan shi haka," in ji Mijinyawa, murya can ƙasa. "Jiya ma ya faɗi a banɗaki. Ƙara mini dai."

Ko gezau fuskarsa ba ta yi ba. Falalu bai taɓa ganin ɗa mai taurin zuciya irin wannan ba.

To, ya zai yi? In ya hana, masu tallar magani a kasuwa za su ba shi ninki biyu babu tambaya. In ya bayar, da hannunsa yake tura tsoho kabari. Gaba kura, baya sayaki. Ya bayar, zuciyarsa na ƙuna.

Kasuwa ta zagayo, Mijinyawa bai zo ba. Falalu ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya rufe shago ya hau babur sai Fulatan.

Hajjo, matar wanzamin, ita ta tarbe shi a zaure, idanunta sun yi jawur.

"Ka zo a makare, ɗan nan. Shekaranjiya ya sake faɗuwa, ƙugu ya karye. Kuma ya hana a kira kowa."

Falalu ya ce, "Innalillahi! Shi kuma Mijinyawa yana ina, ya bar mahaifinsa haka?"

"Wane mahaifi? Surukina ya rasu tun kafin a kawo ni gidan nan." Ta ɗaga labulen ɗaki. "Cewa ya yi in maganar ta fita, wa zai ƙara miƙa kansa ga askarsa?"

A kan tabarma Mijinyawa ne kwance, ƙafafu suntum, hannunsa na dama a waje yana ta rawa.