Farar Safa a Jar Ƙasa

Ka ce mini zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, shi ya sa ba ka cika shekara a aiki guda. To, ajiye jakar tukuna, ka ji labarin wanda ya fi ka yawo.

An yi wani saurayi a kudancin Faransa wanda sana'arsa wasan tanis ce. Ba ya cikin manyan da ake nunawa a talabijin. Yana can ƙasa-ƙasa, cikin ɗaruruwan da sai danginsu suka san sunansu. Kawunsa ne ya koya masa wasan tun yana ƙarami, a filin jar ƙasa, irin wadda ake yi da garin jan bulo ana yayyafa mata ruwa. A irin wannan fili ba a gudu a tsaya cak. Mutum kan sheƙo ya saki ƙafa, ƙasa ta ɗauke shi ta kai shi gaban ƙwallo. Wannan zamiyar ita ce baiwar saurayin. Ba shi da tsawo, ba shi da ƙarfin dantse, amma da wuya ƙwallo ta wuce shi. Burinsa kuwa ɗaya ne: ya buga babbar gasar da ake yi a Paris kowace shekara, wadda ita ma a jar ƙasa ake yin ta.

Ba a shiga gasar sai da maki, makin kuwa ba ya zama. Abin da ka ci bana, baɗi war haka ya zube. Filayen jar ƙasa na Turai cike suke da gwanaye, sai ka yi gumi wata guda ba ka samu abin kirki ba. Ana haka ya ji labarin ƙananan gasanni a ƙasashe masu nisa, inda ake wasa a kan siminti, abokan karawa kuma ba su kai shi ba. Ya ɗaure raket ɗinsa, wato abin buga ƙwallon, ya bi sama. Wannan mako yana Tunisiya, na gaba Masar, can sai Indiya. Har Legas ya taɓa zuwa. In ya ci ba ya tsayawa murna, in an cinye shi ba ya tsayawa tunani, don jirgi na jira. Wani lokaci yakan farka a masauki ya rasa sunan garin da yake, sai ya leƙa taga. Siminti kuwa bai yarda ya zame a kansa ba. Ya gwada, idon sawunsa ya kumbura suntum. Daga nan ya koya wa ƙafarsa ƙananan taku da tsayawa cak, har ta saba.

Kawun yakan kira shi ta waya ya tambaye shi ina yake, amsar kullum ɗaya ce.

"Ina filin jirgi, Kawu."

"Kullum filin jirgi. A can ake raba makin ne?"

Saurayin yakan yi dariya ya ce zai zo, amma ba yanzu ba.

Shekaru suka shuɗe, gemunsa ya cika, sai wata shekara makin ya kai. Aka ba shi gurbi a wasannin share fage na Paris, inda wanda aka cinye sau ɗaya ya fita ke nan. Kawun ya roƙe shi ya dawo gida da wuri, ya yi 'yan makonni a tsohon filinsu, ga shi ya share shi ya ba shi ruwa. Shi kuwa ya ce akwai sauran gasa ɗaya a kan siminti wadda makinta zai yi masa amfani baɗi, kuma abin da aka koya da yarinta ai ba ya ɓacewa. Bai sauka Paris ba sai ana gobe wasa.

Aka haɗa shi da wani ɗan Sifen wanda bai taɓa rabuwa da jar ƙasa ba. Ƙwallon farko da ta yi nisa, ya bi ta da gudu, zuciyarsa ta ce saki ƙafa, ƙafa ta ƙi. Ta turje, ƙasa ta ja ta, ya yi taga-taga, ƙwallo ta wuce. Ya sake gwadawa, ya zame bayan ya riga ya buga, lokacin da ba shi da amfani. Ɗan Sifen ya gane, ya dinga jefa masa ita kusurwa zuwa kusurwa. Shi kuwa yana ta ƙirga ƙananan takunsa a kan ƙasar da ta raine shi, kamar baƙon da ke tafiya a kan taɓo. Kafin rana ta karkata an gama da shi.

Mai wasan jar ƙasa yakan fito safarsa ta rine jawur har ƙauri, saboda zamiya. Kawun, wanda ya biyo jirgin ƙasa da sandarsa don ya gani, ya tare shi a bakin fili. Ya sunkuya ya dubi safar, fara tas in ban da 'yar ƙura a baki, ya ce, "Yaro, ko wanki ba ta buƙata."

Saurayin ya so ya ce a tafi gida. Amma makin bara na shirin zubewa, shekaru sun ja, kuma a siminti kaɗai yanzu yake iya ci. Ya raka tsohon tashar jirgin ƙasa, shi kuma ya nufi filin jirgin sama. Bai ƙara samun gurbi a Paris ba.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.