Ƙorafin Baba a Kan Maganin Sukari

"Wannan ƙwayar tana juya min ciki," in ji Baba, ya ture hannuna. "Ga tashin zuciya, ga jiri. Ki kai ni asibiti."

Dawowata ke nan daga shagon ɗinki, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Tun da ciwon sukari ya kama shi, ni ce mai ba shi magani. Shekara da shekaru yana shan ƙwayar nan lafiya lau, sai yanzu ya tsiro da ƙorafi.

"Baba, ai an ce in kana sha da abinci cikin zai lafa."

"Ni dai ki kai ni."

Washegari na rufe shago muka bi layi a asibiti. Ina ta gyangyaɗi a kan benci har aka kira mu.

Likita ta gwada jininsa. "Baba, sukarinka daidai yake. Yaushe jirin ya fara?"

"Babu wani jiri, likita, ƙalau nake." Ya kamo hannuna ya ɗora a kan tebur. "Wannan za ki gwada. Ruwa ba ya isarta, kullum tana hanyar banɗaki, ga rama. Haka nawa ya fara. Na yi magana har na gaji, sai ta ce ba ta da lokaci."

Likita ta soki yatsana. Ta dubi na'urar awon sukari, ta dube ni, sannan ta jawo kujerarta kusa da tawa.

"Baba," ta ce, "ɗan jira mu a waje."